Gudun Yaƙi da Miƙa Wuya: Waiwaye a Kan Ƙarshen Yaƙin Basasar Nijeriya

(Jawabin da aka gabatar a babban taron ƙungiya na shekara-shekara)



Muna godiya ga kwamitin shirya taro da ya ga dacewar a ba tsohon malamin makaranta dama ya ce wani abu a gaban wannan taro mai albarka. Da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a nan sun bi ta hannunmu suna yara, yau ga su manyan ma'aikata da 'yan kasuwa a Kaduna da Kano da Abuja da Legas. Saboda haka idan muka ɗan ja magana, a yi mana uzuri, wanda ya saba da allo da alli ba ya rabuwa da dogon bayani.

Gabatarwa

Abin da muka zaɓa mu yi magana a kai shi ne yadda yaƙin basasar ƙasar nan ya ƙare a watan Janairu na 1970, musamman batun sojojin da suka bar bakin daga, da kuma saɓanin da ya shiga tsakanin rundunonin biyu a lokacin da ake ajiye makamai. Dalilin wannan zaɓi wani abu ne da muka gani da idonmu a garin nan.

A daminar 1969, muna 'yan firamare, wani saurayi na unguwarmu ya dawo gida cikin dare. Shi ne wanda aka raka tasha da kiɗa da guɗa ranar da zai tafi shiga soja. Ya dawo ba kaki, ba takalmi, ya rame har ba a gane shi da kyau. Mahaifiyarsa ta ɓoye shi a ƙuryar ɗaki wata da watanni. Garin nan kaf an san yana nan, amma ba a sami wanda ya kai magana gaba ba. Mu kuwa yara, da ya fara fitowa, sai muka riƙa binsa muna yi masa eho muna kiransa ragon soja. Gida na uku daga nasu akwai wata tsohuwa wadda ɗanta ya shiga mota ɗaya da shi ranar tafiya. Ita saƙon rasuwa ne ya iso mata. Har ta koma ga Mahaliccinta ba ta sake shiga gidan maƙwabciyar tata ba. Dukkansu yanzu sun riga mu gidan gaskiya, ba kuwa za mu ambaci suna ba, domin jikokin gidajen biyu suna cikin wannan zaure.

Fiye da shekara hamsin ke nan muna juya wannan al'amari a zuci. Da muka girma muka karanta abin da waɗanda suka yi yaƙin suka rubuta, sai muka gane cewa abin da ya raba waɗannan iyaye mata biyu shi ne ya raba manyan hafsoshin ƙasar nan, wato tambayar wane ne ya gudu, wane ne ya tsaya, kuma wa ke da ikon yanke hukunci.

Tushen gardamar

A dokar soja an bambanta wanda ya yi fashin aiki ba da izini ba da wanda ya tsere da niyyar ba zai dawo ba. Na biyun shi ne mai gudun yaƙi, kuma kotun soja takan yanke masa hukunci mai tsanani, balle a lokacin da ake fafatawa. Wannan doka tana da sauƙin aiki idan yaƙi tsakanin ƙasa da ƙasa ne. Wahalarta tana bayyana ne idan runduna ɗaya ce ta dare gida biyu, kamar yadda ya faru a nan.

Kowa ya san juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966, wanda aka kashe Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da Birgediya Zakariya Maimalari da wasu manya a cikinsa. An kuma san juyin mulkin ramuwa na 29 ga Yuli na wannan shekara, wanda ya ci ran Janar Aguiyi-Ironsi da hafsoshi da ƙananan sojoji masu yawa 'yan Jihar Gabas. Wajibi ne kuma mu faɗi gaskiya, ko da ɗaci, cewa a watan Mayu da kuma Satumba da Oktoba na 1966 an kashe dubban 'yan ƙabilar Ibo fararen hula a garuruwan Arewa, sauran suka kwashe 'ya'yansu suka nufi gida.

A cikin wannan hali ne, a watan Agusta na 1966, wakilan jihohi suka amince a mai da sojoji barikokin jihohinsu na asali domin a kauce wa ƙarin zubar da jini. Sojojin Gabas suka tattara suka koma Inugu, sojojin Arewa da ke Inugu aka sa su a jirgin ƙasa suka yo Arewa. A lura da kyau, da yawa daga cikin waɗanda daga baya suka zama sojojin Biyafara da umarnin hukuma suka tafi gida, wasu kuma tsira suka yi da rayukansu. Da Laftanar Kanar Odumegwu Ojukwu ya shelanta ɓallewar Biyafara ranar 30 ga Mayu, 1967, sai waɗannan mutane suka wayi gari a cikin wata runduna dabam. A idon Gwamnatin Tarayya sun karya rantsuwar da suka yi wa Nijeriya. A nasu idon kuwa rundunar ce ta fara juya musu baya tun ranar da abokan aikinsu suka ɗora musu bindiga a bariki. Shi kansa Ojukwu bai amince da shugabancin Yakubu Gowon ba tun farko, yana cewa akwai waɗanda suka girme shi a muƙami, irin su Birgediya Ogundipe. Taron da aka yi a Aburi ta ƙasar Gana a farkon Janairu na 1967 bai warware wannan ƙulli ba, domin kowane ɓangare ya dawo da tasa fassarar. Ranar 6 ga Yuli, 1967, bindiga ta fara magana.

Masu gudu a ɓangaren Tarayya

Mu a nan Arewa mun tashi da labarin nasara, muna jin mawaƙa a rediyon Kaduna suna zuga mazaje, saboda haka ba kasafai muke jin cewa sojojin Tarayya ma sun gudu ba. Amma sun gudu, kuma akwai dalilai.

Kafin yaƙi sojojin Nijeriya kimanin 10,000 ne. Lokacin da aka gama sun kai wajen 250,000. Rundunar da ta kumbura haka cikin wata talatin ba ta da lokacin horar da kurtu yadda ya kamata. Saurayi zai bar gona, a yi masa horon 'yan makonni, a miƙa masa bindiga, a tura shi kurmin da bai taɓa gani ba, inda ruwan sama ba ya ɗaukewa kuma ba ya jin harshen kowa. An kira tsofaffin sojojin Yaƙin Duniya na Biyu, 'yan Bama, su cike giɓi, an kuma ɗaga ƙananan ma'aikata zuwa muƙamin hafsa cikin gaggawa.

Runduna uku ce ta yi yaƙin. Ta Ɗaya ta gangaro daga Arewa a ƙarƙashin Kanar Muhammadu Shuwa, ta kama Inugu a farkon Oktoba na 1967. Ta Biyu a ƙarƙashin Kanar Murtala Muhammed ta ƙwato Jihar Yamma ta Tsakiya, amma ta yi mummunar asarar rayuka a yunƙurin ƙetare kogin Kwara daga Asaba zuwa Anaca, sannan aka yi wa ayarinta kwanton ɓauna a Abagana a ƙarshen Maris na 1968. Ta Uku a ƙarƙashin Kanar Benjamin Adekunle ta biyo ta teku, ta kama Fatakwal a watan Mayu na 1968. Waɗannan kwamandoji uku ba su cika jituwa ba, kowa yana ganin yaƙinsa yake yi, ana rige-rigen makamai da kayan aiki, hedkwata a Legas tana fama da su.

Abin ya kai maƙura a Owerri. Sojojin Biyafara suka yi wa birged ta 16 ƙawanya a cikin garin, a ƙarƙashin Laftanar Kanar Etuk, har sai da aka koma jefa musu abinci da harsashi ta jirgin sama, wani abin ma yana faɗawa hannun abokan gaba. A ƙarshen Afrilu na 1969 suka fasa ƙawanyar suka fice, Owerri ta koma hannun Biyafara, a daidai lokacin da Runduna ta Ɗaya ta kama Umuahia. A watan Mayu Gowon ya sauya kwamandojin duka uku: Kanar Olusegun Obasanjo ya karɓi ta Uku, Kanar Iliya Bisalla ya karɓi ta Ɗaya, Kanar Gibson Jalo ya karɓi ta Biyu daga hannun Kanar Ibrahim Haruna wanda ya gaji Murtala.

Obasanjo ya bayyana a littafinsa na 1980 mai suna My Command irin halin da ya tarar da rundunar. Gudu da fashin aiki sun yi yawa, guiwar sojoji ta yi sanyi, har ana samun masu ji wa kansu rauni da gangan domin a ɗauke su daga bakin daga. Wannan shaida ce daga bakin wanda ya karɓi miƙa wuyar Biyafara, ba daga bakin abokin gaba ba. Idan muka duba lokacin da saurayin unguwarmu ya dawo, za mu ga ya faɗo daidai wannan zamani na karyewar zuciya. Hausawa sun ce da ruwan ciki akan ja na rijiya. Sojan da ya kwana da yunwa, albashinsa bai iso ba, ya ga an bar gawar abokinsa a daji, ba ya buƙatar wani ya koya masa hanyar gida.

Masu gudu a ɓangaren Biyafara

A can ɗaya ɓangaren abin ya fi muni. Da farko samari da ɗaliban jami'a rububin shiga soja suka yi, har ana mai da wasu gida saboda ƙarancin bindigogi. Abin da ya riƙe su a fagen fama shi ne imanin cewa idan suka ajiye makami za a ƙarar da su baki ɗaya. Kashe-kashen 1966 da kisan ɗaruruwan maza fararen hula da sojojin Tarayya suka yi a Asaba a watan Oktoba na 1967 sun ƙarfafa wannan tsoro, gidan rediyon Biyafara kuma yana nanata shi dare da rana.

Sai dai tun da wuri zargin cin amana ya shiga tsakaninsu. Bayan da farmakin da suka kai Jihar Yamma ta Tsakiya ya ci tura, an harbe Victor Banjo wanda ya jagorance shi, tare da Emmanuel Ifeajuna da wasu mutum biyu, a Inugu a watan Satumba na 1967, bisa tuhumar cin amanar ƙasa. Daga nan duk garin da ya faɗi sai a ce aikin 'yan zagon ƙasa ne. Hafsa ya koma yana tsoron na bayansa kamar yadda yake tsoron na gabansa. Janar Alexander Madiebo, wanda ya shugabanci sojojin ƙasa na Biyafara, ya koka ƙwarai da wannan a littafin da ya rubuta bayan yaƙi.

Da aka toshe musu teku, ƙasar da ke hannunsu ta riƙa ƙanƙancewa, yunwa ta kama yara da manya. Hanyar da ta rage musu zuwa duniya ita ce filin jirgin Uli, wanda titin mota ne aka faɗaɗa, jirage suna sauka cikin duhu da abinci da magani, wasu kuma da makamai. Masu rububin shiga soja suka ƙare, aka koma kamun samari da ƙarfi a kasuwa da kan hanya, iyaye suna ɓoye 'ya'yansu a daji da saman rufin ɗaki. Ashe abin da wata uwa ta yi a unguwarmu, dubban iyaye mata suna yin irinsa a ƙasar Ibo a daidai wannan lokaci. Manya ma sun fara janye jiki. Dakta Nnamdi Azikiwe, wanda ya yi wa Biyafara yawon neman goyon baya a ƙasashen waje, ya raba gari da ita a 1969, ya koma kiran a sasanta cikin Nijeriya ɗaya.

A ƙarshen Disamba na 1969 Runduna ta Uku ta yunƙuro daga kudu, ta haɗe da ta Ɗaya a wajen Umuahia, ta raba Biyafara da yankunan da take samun abinci. A wannan karo babu wani gagarumin ɗauki-ba-daɗi. Sojojin da suka shekara biyu da rabi suna tirjiya sai suka riƙa tuɓe kaki, suna jefar da bindiga, suna sajewa da 'yan gudun hijira a kan hanya. Owerri ta faɗi ranar 9 ga Janairu, 1970.

Tafiyar Ojukwu da tsayuwar Effiong

A daren 10 ga Janairu, wayewar 11, Ojukwu ya hau jirgi a Uli tare da iyalinsa da wasu manyan mukarrabansa, ciki har da Madiebo da Dakta Michael Okpara. Ya bar saƙon cewa ya tafi neman hanyar zaman lafiya. Ya sauka a Kwaddebuwa, inda Shugaba Houphouet-Boigny ya ba shi mafaka. Ragamar mulki ya bar ta a hannun mataimakinsa Philip Effiong, wanda ɗan ƙabilar Ibibio ne.

Har yau ana gardama a kan wannan tafiya. Masu suka suna cewa shugaban da ya sa aka harbe mutane bisa zargin cin amana, aka kuma kama 'ya'yan talakawa da ƙarfi aka kai su daga, bai kamata ya zama shi ne ya sami kujera a jirgi ba. Masu kare shi suna cewa da ya tsaya, ko dai a kashe shi, abin da zai bar gyambon da ba ya warkewa, ko kuma kasancewarsa ta hana a miƙa wuya cikin sauri. Mu dai abin da muka lura da shi shi ne, hukuncin gudu ya danganta da girman mai gudun. Ƙaramin soja idan ya gudu kotun soja ke jiransa, babba kuwa idan ya tafi sai a kira abin hijira.

Effiong yana da zaɓi. Biyafara ta horar da wasu mutane musamman domin yaƙin sunƙuru, kuma akwai masu ganin a shiga daji a ci gaba. Bayan ya yi shawara da dattawa irin su Babban Joji Sir Louis Mbanefo, ranar 12 ga Janairu ya yi jawabi ta rediyo, ya umarci sojojinsa su daina faɗa cikin tsari, ya ce wahalar jama'a ta isa haka, ya kuma nesanta kansa da batun kafa gwamnatin gudun hijira. Washegari aka gana da Obasanjo a garin Amichi kusa da Nnewi. Ranar 15 ga Janairu, 1970, a barikin Dodan da ke Legas, Effiong ya bayyana a gaban Gowon cewa sun amince da ikon Gwamnatin Tarayya da tsarin jihohi 12, kuma Biyafara ta daina wanzuwa. Gowon ya rungume shi. Shekara huɗu ke nan cif daga daren da aka kashe su Sardauna. Wannan rana ce ƙasar nan ta keɓe domin tunawa da 'yan mazan jiya.

A ganinmu, a cikin duk waɗanda suka taka rawa a wannan mako, Effiong ne ya ɗauki kaya mafi nauyi. Ya karɓi kunyar miƙa wuya a kansa domin dubban mutane su rayu, alhali bai san abin da za a yi da shi a Legas ba. Bai koma aikin soja ba, ya rasu a 2003.

Saɓanin da ya biyo bayan ajiye makamai

Gowon ya shelanta cewa babu wanda ya yi nasara, babu wanda aka ci da yaƙi, ya yi afuwa ga jama'a, ya kuma sa a gaba manufa uku: sasantawa, farfaɗo da rayuwar mutane, da sake gina abin da ya rushe. Kisan ƙare dangi da ake tsoro bai auku ba. Ba a kafa kotun yanke wa shugabannin tawaye hukuncin kisa ba. An ga sojojin Tarayya suna raba abincinsu da waɗanda jiya suke harbi. Duk wanda ya san yadda yaƙe-yaƙen basasa suke ƙarewa a wasu ƙasashe ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tare da haka, an sami rahotannin wawashe dukiya da cin zarafin mata daga wasu sojoji a makonnin farko, kuma saɓani iri-iri ya taso wanda wasunsa suna nan har gobe.

Na farko shi ne matsayin hafsoshin da suka yi wa Biyafara yaƙi. Gwamnati ba ta amince da muƙaman da aka samu a can ba. Effiong Manjo Janar ne a Biyafara, amma a littafin sojan Nijeriya Laftanar Kanar ne. An kafa kwamiti a ƙarƙashin Adeyinka Adebayo ya duba su ɗaya bayan ɗaya. An mai da wasu bakin aiki, galibi ƙanana, sun tarar tsararrakinsu sun yi musu nisa. An sallami wasu, an kori wasu ba fansho ba garatuti, waɗanda kuma ke da hannu a juyin mulkin Janairu na 1966 ko mamayar Jihar Yamma ta Tsakiya an tsare su shekaru. Su suna cewa afuwar da aka shelanta ta shafe su. Abokan aikinsu na Tarayya suna cewa ba adalci ba ne wanda ya harbe ka jiya ya dawo yau ya zama shugabanka. Sai a shekarar 2000, Obasanjo yana shugaban ƙasa na farar hula, aka mai da korar da aka yi musu ta zama ritaya. Shi kuwa Ojukwu, Shugaba Shehu Shagari ya yi masa afuwa ya dawo gida a 1982, ya rasu a 2011, aka binne shi a 2012 da faretin girmamawa na soja.

Na biyu shi ne batun agaji. Yaƙin ya ci rayukan da ƙiyasi ya sa tsakanin 500,000 da miliyan biyu, wasu ma suna cewa fiye, akasarinsu yunwa ce ta kashe su. Da aka gama, Gowon ya ƙi karɓar taimako daga ƙasashe da ƙungiyoyin da yake ganin sun tsawaita yaƙin ta hanyar mara wa Biyafara baya, irin su Faransa da Fotugal da Afirka ta Kudu da wasu ƙungiyoyin coci-coci da suka yi jigila ta Uli. Gwamnati tana ganin mutuncin ƙasa ne. Waɗanda ke kwance da yunwa kuwa suna ganin ba lokacin zaɓen hannun da zai miƙo abinci ba ne.

Na uku shi ne dukiya. Tun a Janairu na 1968 Nijeriya ta sauya takardun kuɗinta, Biyafara ta buga nata. Bayan yaƙi aka tsai da cewa wanda ya taɓa ajiyarsa ta banki a lokacin tawaye, ko ya kawo kuɗin Biyafara, fam 20 zai karɓa komai yawan abin da yake da shi. Ga kuma gidajen 'yan Ibo a Fatakwal da aka kira dukiyar da aka yi watsi da ita. Abin lura a nan shi ne, a garuruwan Arewa da dama mutanen da suka dawo sun sami gidajensu, wasu har da kuɗin hayar da aka tara musu.

Na huɗu, waɗanda suka yi nasarar ma ba su daina gardama a junansu ba. Wa ya karya lagon Biyafara, Adekunle da ya yi shekara biyu yana gwabzawa ko Obasanjo da ya zo a wata takwas na ƙarshe? Birgediya Godwin Alabi-Isama ya fitar da littafi a 2013 yana ƙalubalantar bayanin Obasanjo. Ita kanta rundunar mai mutum 250,000 ta zame wa ƙasa kaya, rage ta ya gagara shekaru, kuma fargabar rage sojoji tana cikin ƙorafe-ƙorafen da aka ji lokacin yunƙurin juyin mulkin Dimka na 1976, wanda ya ci ran Murtala, aka kuma harbe Bisalla bisa tuhumar hannu a ciki. Kwamandoji biyu na yaƙi ɗaya, ɓangare ɗaya, ga yadda suka ƙare.

Kammalawa

Jama'a, ba mu zo nan domin mu wanke mai gudun yaƙi ba. Runduna ba ta tsayuwa idan kowa zai kama gabansa ranar da wuta ta yi zafi, kuma wanda ya gudu ya bar wa na kusa da shi nauyin mutum biyu. Tsohuwar nan da ta rasa ɗanta tana da hujjar fushinta, ba kuwa mai iya ce mata ta yi kuskure. Amma abin da tarihin nan ya nuna mana shi ne, kafin ƙaramin soja ya gudu, galibi akwai na sama da shi da ya riga ya gudu daga nasa alhakin, ko wanda ya tura shi ba horo, ko wanda ya riƙe abincinsa da albashinsa, ko wanda ya ƙi sulhu tun ana iya yi. Ya kuma nuna mana cewa yaƙin nan ya ƙare ne a ranar da talakan soja ya daina yarda cewa mutuwa ce kaɗai ke jiransa idan ya ajiye bindiga. Da Gowon ya zaɓi ramuwa, da waɗanda suka tuɓe kaki sun sake ɗaukarsa a daji, da kuma wasu daga cikin iyayen waɗanda ke zaune a nan ba su dawo sun haife su ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Saurayin unguwarmu ya rayu ya tsufa a garin nan, ya yi noma, ya aurar da 'ya'ya. Mun koyar da uku daga cikinsu. Sau ɗaya tak muka taɓa jin ya yi zancen yaƙi, wata rana da ya zo makaranta biyan kuɗin jarrabawa. Ya ce mana, Malam, abokin nan nawa a hannuna ya cika, ni na tona masa rami da hannuna, amma ban taɓa samun ƙarfin zuciyar zuwa in gaya wa mahaifiyarsa ba. Mun yi shiru, domin muna cikin yaran da suka yi masa eho. Ita kuwa a lokacin ta riga ta rasu, ba ta san cewa wanda take ƙi shi ne ya rufa wa ɗanta asiri ba.

Roƙonmu ga 'ya'yanmu da ke birane guda ɗaya ne. Tsofaffin sojojin wannan yaƙi da suka rage a garin nan da ƙauyukanmu ba su da yawa, mafi ƙanƙantarsu ya haura saba'in. Idan kun zo hutun salla, ku je ku gaishe su, ku zauna ku saurare su, ku rubuta abin da suka faɗa, na daɗi da marar daɗi, wanda ya tsaya da wanda ya dawo cikin dare. Kowannenku yana da waya a aljihu mai ɗaukar magana. Abin da muka karanta a littattafai bayanin janar-janar ne, na kurtu kuwa yana cikin ƙirjin waɗannan dattawa, idan suka tafi sun tafi da shi.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a wannan yaƙi, Ya kiyaye ƙasarmu daga ganin irinsa, Ya mai da kowa gidansa lafiya.